Sunan da Inna Ta Aro Mini a Maƙwabta

Ranar wata Laraba ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji uku, na fara yin kisra, siririyar wainar dawar nan ta garinmu, da hannuna. Yankan riɗi ya kama, kuma duk wanda ya tashi a Gadarif ya san riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna ba a yanke shi ba, sai ya tsage ya zubar da 'ya'yansa a ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Don haka tun da asuba Inna da Baba suka hau bayan tarakta tare da sauran 'yan unguwa suka nufi gona, aka bar ni da ƙannena, Sani da Ladidi, da kuma ƙwaryar ƙullun dawa da ta kwana tana tsami. Ba wanda ya ce in taɓa ƙullun nan. Ni ce dai na ga rana ta karkata, na tuna yadda Inna ke dawowa jiki duk ƙaiƙayi, ta ajiye lauje ta zarce gaban murhu ko ruwa ba ta sha ba, sai na ce yau kam zan hutar da ita. Na hura wuta ƙarƙashin doka, wato faifan ƙarfen da ake gasa kisra a kai, na shafa mai, na ɗebo ƙullu na ja shi da guntun kaba kamar yadda na sha gani. Ta farko ta ƙone, wadda ta biyo ta ta fito da kaurin tafin takalmi, duk na watsa wa kaji. Amma kafin la'asar sakaliya, da yatsu a ƙone da ido jawur don hayaƙi, na tara kisra cike da faifai, sirara, ba laifi, na kuma kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa.

Da Inna ta dawo ta ɗaga murfi, ta duba, ta mayar. Ta wanke hannu, ta zuba wa Baba nasa, ta zauna ta ci nata har ta suɗe kwano. Ina tsaye jikin turken rumfa ina jira, amma ko uffan ba ta ce ba. Sai ga Sani ya rugo yana ba ta labarin wai ya kori akuya daga bakin rumbu, akuyar da ni na sani da kanta ta gaji ta tafi. Inna ta jawo shi ta shafa kansa tana cewa, "Sani nawa, namijin duniya!" Na sulale na zagaya bayan ɗaki, na durƙusa jikin dangar karan dawa da ta raba mu da maƙwabta, na yi ta kuka ina tsotsar yatsuna.

A nan ne na ji an yi gyaran murya ta wata 'yar kafa da kaji suka huda a dangar. Matar maƙwabcinmu ce, Baturiya, wadda muke kira Halti Laida, kamar yadda ake kiran duk sa'ar uwa da Larabcin garinmu. Ta tambaye ni abin da ya faru da Larabcinta mai karkacewa, na faɗa mata cikin shessheƙa. Ta ce in kawo ta ɗanɗana. Na koma na sato guda ɗaya, na naɗe, na tura mata ta kafar. Ta gutsura, ta tauna a hankali kamar mai sayen hatsi a kasuwa, sannan ta dubi yatsuna, ta dube ni, ta ce, "Tubli." Ban san abin da kalmar take nufi ba, amma na san ba zagi ba ne, don fuskarta ta riga ta fassara mini.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, Hauwa. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji suka yada zango a nan, sun bar abubuwa da yawa a hanya, amma kunyar ɗan fari kam sun iso da ita ko ƙwarzane babu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle kuma a ce sunan surukarta ne. Ni a wurin Inna "ke" ce, in ina nesa kuma "waccan", in tana ba da labarina ga wata "yarinyar nan". Manya sun san kunya ce, har yaba mata suke yi, suna cewa Amina akwai kara. Ni kuwa yarinya ce, ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ko an yi ba na jin zan yarda. Abin da idona ya gani shi ne ni ke tare amalanken jaki in sayi ruwa in cika randa, ni ke shara, ni ke goyon Ladidi har bayana ya sage, amma sunan Sani da na Ladidi ake rerawa a gidan kamar waƙa. Na yanke wa kaina hukunci cewa Inna ba ta sona, na kuma riƙe hukuncin nan da taurin kan da har yau mijina ke kuka da shi.

Halti Laida matar Dakta Usman ce, likitan dabbobi. A zamanin da ake tura ɗalibai karatu can ƙasashen sanyi ya je ya karanto aikinsa a wata 'yar ƙaramar ƙasa mai suna Istoniya, ya dawo da takardar shaida da kuma mata. Allah bai ba su haihuwa ba. Doguwa ce, gashinta fari sol, tana ɗaura tob, lafayar matan garinmu, a karkace har abada, duk da shekarun da ta yi a cikinmu. Abin da ya fi ba matan unguwa dariya shi ne saƙar safa da take yi da zaren ulu a tsakiyar bazara, lokacin da baƙar ƙasar Gadarif ke tsagewa har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki. Kowace damina sai ta shuka dankalin Turawa a bayan ɗakinta, kowace damina laka ta ruɓar da shi, ta sake shukawa baɗi. Ba ta da yawan magana, ba ta iya doguwar gaisuwa ba. In aka ce mata ina gajiya, ina gida, ina aiki, sai ta amsa ɗaya ta tsaya tana jiran a faɗi abin da ya kawo mutum.

Tun daga ranar kisrar nan na mayar da gidanta wurin zuwana. In na taso daga makaranta, na gama aikin gida, maimakon in tsaya 'yar carafke da ƙawayena a gindin dalbejiya sai in zagaya in riƙe mata zare tana naɗewa. Wata rana na tambaye ta ma'anar kalmar. Ta ajiye saƙa ta yi tunani, don ita ba ta amsa tambaya da gaggawa. Ta ce ba kyau ake nufi ba, ba kuma kaifin ƙwaƙwalwa ba. A garinsu, in ji ta, ana faɗa wa wanda ya kama abu bai sake ba har ya kai shi ƙarshe, ko da wuya. Yaron da ya haɗiye magani mai ɗaci bai tofar ba, tubli ne. Tsohuwar da ta tashi daga jinya ta koma gonarta, tubli ce. Har jakin mai ruwa, ranar da ya fizgo amalanke daga cikin laka, na ji ta faɗa masa. Na ce to ta gaya mini ta mata, tunda mu muna cewa jarumi da jaruma, Larabawa ma suna da shaɗir da shaɗira. Ta yi dariya ta ce harshensu bai raba mace da namiji ba, ko "shi" da "ita" kalma ɗaya ce a wurinsu. Na riƙe baki, na ce to yaya suke gane wanda ake aure da wanda ke aurowa? Ta ce suna ganewa. Ta koya mini cewa in mutane da yawa ne sai a ce tublid, in wani ya fi wani a ce tublim. Kuskuren da na yi shi ne koya wa Sani wannan ta ƙarshen, don ya shekara yana bina yana cewa shi ne tublim, alhali ko tsintsiya bai san inda ake ajiyewa ba.

Ba ta yi mini arha da kalmar ba, shi ya sa take da daraja. In na kawo mata allon makaranta da lissafi rabi, sai ta ce in koma in ƙarasa. In na ƙarasa, ko da kuskure a ciki, sai in ji ta. Na zama kamar akuyar da ta gano inda ake ajiye dusa.

Bayan an gama sussukar dawa a shekarar, sai ga Gwaggo Rabi, yayar Baba, ta sauka daga garin Fau. Mace ce mai kirki da faɗa, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, 'ya'yanta duk maza. Ta huta kwana biyu, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta a ƙarƙashin rumfa, gaban matan unguwa da suka zo gaishe ta. Ta ce, "Na zo ɗaukar 'yata. Hannuna ya gaji, ina son mai taya ni suya." Kowa ya san haƙƙinta ne, ɗan fari ai na dangin uba ne. Na kuma san abin da tafiyar ke nufi: ba makaranta, ba Halti Laida, sai kaskon gyaɗa daga safe har yamma a garin da ban san kowa ba. Na zuba wa Inna ido. Tana tsince tsakuwa daga riɗi a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ai taku ce, Yaya." Matan suka yi ta sa mata albarka. Ni kuwa na ji kamar an ba da aron tabarma.

Na ruga gidan Halti Laida na faɗa jikinta na gaya mata komai, har da hukuncin da na daɗe da yankewa. Ta saurara, ta ajiye saƙa, ta ja tob ɗinta da ke zamewa, ta kama hannuna muka zagaya ta ƙofa. Ba sallamar kirki, ba gaisuwa, ta tsaya tsakiyar mata ta dubi Inna ta ce, "Amina, ke ba ki son Hauwa ne?" Nan take dariya ta ɓarke. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki, wata tana salati. A ce an kama sunan 'yar fari an jefa wa uwarta a fuska, an kuma ce ta amsa a gaban yayar mijinta! Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Ku ƙyale ta, baƙo ko da ido makaho ne." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki, riɗin ya zube a ƙasa kaji suka samu. Kowa ya ɗauki abin wasa. Ni kaɗai ce a wurin nake jiran amsa da gaske, kuma ba ta zo ba.

Ana saura kwana kaɗan motar Fau ta tashi, har an wanke mini kaya an ƙulle a ɗankwali, sai ga Dakta Usman da farar jallabiya da rawani ya yi sallama da Baba a ƙofar gida. Ya ce ya zo roƙo ne: matarsa ba ta da ɗa, ba ta da dangi a ƙasar nan, ta shaƙu da yarinyar, a taimaka a ba ta riƙo. Baba ya kasa cewa a'a, don ba akuya ko jaki a unguwarmu da mutumin nan bai taɓa dubawa ba, sau da yawa ma kyauta. Ya ce sai abin da yayarsa ta ce. Gwaggo ta yi mita har ta gode Allah, amma karar da aka yi mata ita ce ta ɗaure ta. Ba za a ce baƙuwar da ta baro iyayenta a bayan duniya ta roƙi abu a hana ta ba. Ta ce, "Wadda ba ta da kowa ta fi ni buƙata," ta hau mota da buhun riɗinta tana hararata. Ni kuma aka ɗauki ƙullin kayana aka zagaya da shi gida na gaba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙasan murnar akwai wani abu mai ɗaci, don a ganina Inna ta nuna ko wa ya miƙo hannu za ta ba shi ni.

Shekarun da na yi a gidan nan su ne suka yi ni. Na ci gaba da makaranta. Na koyi saƙar safar da ba mai sawa, na koyi gasa wani baƙin burodi da take haɗawa da garin dawa tana cewa ya kusa kama da na garinsu amma bai kai ba. Da damina mukan tuɓe takalma mu riƙe a hannu zuwa makaranta, don lakar Gadarif in ta kama takalmi sai dai a yi mata sallama. Da kaka in bi su Inna gona ranar hutu, in ɗaure dammunan riɗi in jingina su tsaye su bushe. Kafar dangar nan kuwa, ban san yadda aka yi ba, sai ta yi ta faɗi. Inna ta ce wai kaji ne ke wahala wajen wucewa, ta zare kara biyu. Bayan wata guda ta ƙara zarewa, har ta zama ƙofar da mutum zai sunkuya ya wuce. Kullum da safe sai mu tarar da kwanon kunun gyaɗa a bakin kafar, a rufe da faifai, Sani ya leƙo ya ce, "An ce a ba mutanen gidan." Halti Laida ba ta shan kunu, Dakta kuma shayi ne abin karyawarsa. Duk wannan bai sa na gane komai ba. Mai taurin kai ko an nuna masa wata, yatsa yake kallo.

Ina ajin ƙarshe na sakandare Dakta Usman ya rasu. Bayan ta fita takaba, ɗan ƙanenta ya zo daga ƙasarsu don ya tafi da ita. Da safen da za su tashi, ta zauna a kan akwatinta a tsakar gida, ta ce in zauna a gabanta. Ta ce akwai amanar da ta riƙe, yau za ta sauke. Ranar da ta kunyata Inna a gaban mata, in ji ta, washegari da sassafe, ina can wajen sayen ruwa, Inna ta zo bakin dangar nan fuska a rufe. Ta ce mata, "Ni bakina ba zai iya ba. Ke ba ki da irin kunyarmu, ki sa mijinki ya roƙe ta. In tana bayan dangar nan, ko tari ta yi zan ji." Har ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta ce, "Wai me kike ce mata ne take washe baki haka?" Halti Laida ta faɗa mata kalmar da ma'anarta. Inna ta maimaita a hankali har ta zauna mata a baki, sannan ta koma ga murhunta.

Na tuna kwanon kunu, na tuna kajin da aka ɗora wa laifi, na ji kunya da daɗi sun haɗu sun rufe ni. Halti Laida ta tashi, ta riƙe kafaɗuna, ta ce, "Ole tubli." Ta ce haka suke sallama da wanda suke ƙauna a garinsu, ma'ana ki daure, ki ci gaba da zama yadda na san ki. Ta ba ni allurar saƙarta. Mota ta ɗaga, ban sake ganinta ba, sai gaisuwa da ta riƙa aikowa har labarin rasuwarta ya iso mu.

Da motar ta ɓace, na ɗauki akwatina na sunkuya ta kafar dangar na koma gidanmu. Inna na zaune gaban doka ta ba ni baya, tana jan ƙullu da guntun kaba. Ba kowa a tsakar gidan sai mu biyu. Na tsaya jikin turken rumfar nan da na taɓa tsayawa ina jira. Ta ɗaga kisra ta ajiye a faifai, ta shafa mai, ba ta waiwayo ba. Sai na ji ta ce, da muryar da take aiken kowa, "Tubli, miƙo mini ƙwaryar nan." Na miƙa mata da gaggawa har ƙullu ya zuba a ƙafarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta matsa gefe kaɗan a kan kujerar, ta miƙo mini kabar, na zauna muka ƙarasa tare, hayaƙi ya ba mu duka biyun uzurin share ido.

Yau ni ungozoma ce, kuma matan da na karɓi haihuwarsu, Hausawa da Larabawa da Habashawan da suka yi gudun hijira zuwa sansanin Um Rakuba, da yawa sun ji wata kalma daga bakina a lokacin da abin ya yi tsanani, ba su san daga inda ta fito ba. An rushe dangar kara an yi katangar bulo, waɗanda ke gidan Dakta yanzu ko sunansu ban gama sani ba. Ɗana na fari kuwa, sunansa nake ƙwalawa tun daga ƙofar gida, in rungume shi a gaban kowa, Inna na gefe tana tsaki tana cewa 'yan zamani ba su da ta ido. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, har yau ba ta taɓa cewa Hauwa ba, kuma na daina jira. Jikokinta sun ɗauka Tubli ne sunana na yanka. Wani lokaci in na ji ta kira ni daga ɗaki sai in yi jinkirin amsawa da gangan, don kawai ta sake kira. Allah ya ji ƙan matar da ta ba mu aron kalma, ba ta taɓa cewa a mayar mata ba.